Jirgin USS England fa ba na Ingila ba ne

Mutane da dama in suka ji sunan nan sai su ɗauka ai na Turawan Ingila ne, a'a wallahi jirgin ruwan yaƙi ne na Amurka, irin masu rakiyar manyan jirage a Yaƙin Duniya na Biyu. Sunan wani ƙaramin hafsa aka sa masa, John England, wanda ya mutu a harin da Japan ta kai sansanin sojin ruwan Amurka na Pearl Harbor a 1941.

Kuma wai da ake cewa jiragen rakiya gadi kawai suke yi a bayan manya, to wannan ɗan ƙaramin a watan Mayun 1944 shi ya nitsar da jiragen ƙarƙashin ruwa na Japan har 6 cikin kwana 12 kacal, yana ta watsa musu wasu bama-bamai da ake harbawa cikin ruwa, masu suna Hedgehog. A 1945 jirgin saman ƙunar baƙin wake na Japan ya afka masa kusa da tsibirin Okinawa, daga nan bai sake komawa fagen daga ba.