Birkin da Ba Ya Ci Sai Ya Yi Zafi

YouTube ne ya jawo mini. Dare uku ina kallon Amurkawa suna tseren mota a kan jar ƙasa, fili kamar ƙwai, kullum hagu suke karyawa, ƙura na tashi. Har na ji wasunsu na rage ƙarfin birkin ƙafar gaba ta dama da gangan, don motar ta riƙa jan hagu da kanta. Na leƙa ƙofar gida na dubi tsohuwar Marsandi 190 ɗina, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta, na ce ke ma lokacinki ya yi.

Akwai wani faƙo a bayan gari da abokaina ke wasan mota ranar Lahadi. Injina lafiya lau. Birkin ne dai sai ka taka sau biyu ka haɗa da addu'a.

Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da ilimin waya cike da kai. Mai shago ya zaro faifan birki biyu, ɗaya sumul, ɗaya mai huji-huji kamar rariya. Ya ce, "Alhaji, mai hujin nan na 'yan tsere ne." Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, ana ce mini Alhaji ciniki ya faɗa. Ban tambayi abin da yashi da taɓo za su yi a cikin hujin ba. Na haɗa da kalifa, wato maƙatar da ke matse faifan, guda biyu 'yan Beljiyam. Takalmin birki kuwa na raina na kasuwa, na yi odar na tsere daga waje, na jira wata guda cur.

Bakanikena ya faɗi kuɗin aiki, na ce Allah ya sawwaƙe, ƙusa nawa ce duka-duka? Ni da ƙanena muka ɗaura komai, muka shiga fitar da iska daga bututun man birki. Yana ciki, ina kwance a ƙasa da sifana.

"Taka! Taka! Riƙe!"

Tun bayan la'asar har aka kira isha'i. Gwangwani biyu na man birki DOT 4 suka tafi, rabi a hammatata. Duk da haka in ka taka, kamar ka taka burodi.

Da safe na aika a kira bakaniken, ina ɓata rai tun kafin ya iso. Ya durƙusa, ya leƙa, ya miƙe, ya sake leƙawa, sannan ya zauna a ƙasa don ya ji daɗin dariyar.

"Yallaɓai, kalifar hagu ka sa a dama, ta dama a hagu. Ga ƙusar fitar da iska tana kallon ƙasa. Iska kuwa sama take hawa. Ko shekara za ku yi kuna taka-riƙe, tana nan zaune."

Kafin shayinsa ya huce ya gyara, ya kuma karɓi kuɗin nan da na ƙi biya jiya, har da na shayi.

Ranar Lahadi na isa faƙo da hular kwano ta aro. A jikin kwalin takalmin an rubuta cewa sai ya ɗau zafi yake ci sosai, amma kwalin tuni yara sun yi mota da shi. Na ba ta wuta, na iso kwanar farko, na danna birki. Takalmi sanyi ƙalau, sabo fil, ko zama da faifan bai yi ba. Na murɗa hagu, Marsandi ta ce ita gaba ta nufa. Muka ƙetare kunya uku, muka shige cikin tarin karan dawa, har ban ga rana ba.

Ina ƙoƙarin buɗe ƙofa sai ga wani dattijo da sanda yana yaye karan.

"Ɗana, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Birkin ne bai yi zafi ba."

Ya ɗaga kai ya dubi ranar watan Afrilu, ya dubi gumin da ke zuba daga hular kwanona.

"A wannan ranar? To fito mu ƙirga dami."