A rufe ƙofar in ta kama, amma a kunna rikoda

A watan Fabrairun 2021, lokacin da korona ta sa makarantu a kulle, mambobin hukumar makarantun firamare na garin Oakley a jihar Kalifoniya ta Amurka suna zaune gaban kwamfutocinsu suna jiran mitin ta bidiyo, sun ɗauka su kaɗai ne a layin. Sai hira ta ɓarke, ana caccakar iyayen yara da suka matsa a buɗe makarantu, wata har da ashar, wata kuma tace ai iyayen nan masu rainon yaransu kawai suke so a dawo musu dasu. Can sai aka ankarar dasu cewa ai mitin ɗin a buɗe yake, jama'a na kallo. Cikin kwanaki kaɗan dukkansu suka ajiye muƙamansu.

Wannan dai kuskure ne, ba zaman sirri bane irin wanda doka ta yarda dashi. Amma ni tunda na ga bidiyon nan abu ɗaya ke damuna: in haka mutum yake magana kan iyayen da suka zaɓe shi da zarar yaga ba mai jinsa, to me ake faɗa a ɗakin da doka da kanta ta kulle masa ƙofa?

A Amurka akwai gundumomin makarantu sama da 13,000, yawancinsu zaɓaɓɓun mutane ke riƙe dasu, su ke raba kuɗin haraji, su ɗauki shugaban makarantu su kore shi, su yanke wace makaranta za a rufe. Duk jihohi 50 suna da dokar da tace irin wannan zama a yi shi a bainar jama'a, sai dai kowacce ta bar ƴar kafa ta shiga ɗaki, galibi kan maganar ma'aikaci, horon ɗalibi, shari'ar dake kotu, cinikin fili, ko tattaunawa da ƙungiyar malamai kan albashi. Kuma gaskiya ban da ja da wannan. Yaro ɗan shekara 14 da ake shirin kora daga makaranta bai kamata a karanta laifinsa a lasifika ba, akwai ma dokar tarayya ta 1974 da ta kare bayanan ɗalibai. Malamar da aka yiwa ƙazafi tana da mutuncin da za a tsare mata kafin a gano gaskiya. Haka in hukuma zata sayi fili ta faɗi a fili iya kuɗin da zata iya biya, ai ta gama yiwa mai filin ciniki.

Matsalar ita ce kafar nan tana faɗaɗa. Kalmar "maganar ma'aikata" kamar buhu ce mara gindi, komai aka jefa zai shige, rufe makaranta ma ai ta shafi ma'aikata, kasafin kuɗi ma ya shafe su, to sai kaga an shiga ɗaki awa uku, uwa ta baro aiki tana zaune a kujerar roba da takardarta a hannu tana jiran mintuna ukun da za a bata tayi magana, yaron da ta zo dashi yayi barci a cinyarta, rabin zauren ya watse, sannan a fito a ɗaga hannu cikin minti biyu ace an amince da abu mai lamba kaza. Wa yace me? Wa ya ja, wa ya bi? Oho.

Abin da ya faru a Springfield ta jihar Ilinoi ya nuna wannan ƙarara. A farkon 2013 mambobi shida cikin bakwai na hukumar makarantun garin suka sa hannu kan yarjejeniyar rabuwa da shugaban makarantunsu a zaman sirri, ƙuri'ar bainar jama'a kuwa sai bayan kusan wata guda aka kaɗa ta. Ofishin antoni janar na jihar yace an karya doka, magana ta kai kotun ƙolin jihar, a 2017 kotun ta baiwa hukumar gaskiya, tace matakin ƙarshe shine ƙuri'ar da aka kaɗa a fili. A shari'ance shikenan, ba a yi laifi ba. Amma a wajen uban da ya zo zauren ranar ƙuri'ar, an riga an yanka an feɗe, shi dai an kira shi ne yaga fata.

Shi yasa nake ganin faɗan da ake yi kan jerin abubuwan da aka halatta a tattauna a ɓoye ba zai kai ko'ina ba, duk yadda ka tsuke jerin lauyan hukuma zai samo hanya. Abin da ke aiki shine a bar shaida. A Fulorida, wadda dokarta ta 1967 tana cikin masu tsauri, in hukuma zata keɓe da lauyanta kan shari'ar dake gudana dole a kawo mai rubuta bayanan kotu ya rubuta komai kalma da kalma, ba a yarda ace "tsaya kar ka rubuta wannan" ba, kuma ranar da shari'ar ta ƙare rubutun ya zama na kowa. Ilinoi ɗin ma ta wajabta a naɗi zaman sirri a murya ko bidiyo a ajiye aƙalla wata 18, sannan duk wata shida a sake duba bayanan zaman aga ko har yanzu akwai dalilin ɓoye su. Tekzas tana sa a ajiye rikodin ko taƙaitaccen bayani na shekara biyu, amma sai da umarnin alƙali ake buɗewa, to mai ƙaramin ƙarfi ina zai samu kuɗin lauya? A Kalifoniya kuwa dokar Brown ta 1953 ta sa a liƙa ajanda awa 72 kafin zama kuma a fito a faɗi matakin da aka ɗauka da yadda kowa ya kaɗa ƙuri'a, wanda yayi kyau, sai dai bata tilasta naɗar abin da aka faɗa a ciki ba sai in kotu ta kama hukuma da laifi ta umarce ta.

Za a ce ai in mutum ya san ana naɗa ba zai saki jiki ya faɗi gaskiya ba. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma akwai haɗarin mambobi su gudu su koma waya da saƙon tes, wannan ya kira wancan wancan ya kira na gaba har a haɗa rinjaye ba tare da an zauna ba, abin da dokar Brown ta haramta, Tekzas ma sai da ta sake rubuta nata sashen a 2019 bayan kotu ta soke tsohon. Amma wallahi duk maganar da zaɓaɓɓen mutum zai faɗa kan kuɗin jama'a da makomar ƴaƴansu wadda ba zai iya tsayawa a kanta ba ko bayan shekara biyu, an goge sunan yaro an goge na malama, to tun farko bai kamata ta zama dalilin yanke hukunci ba.

Ni abin da nake so a gani a kowace jiha bai da yawa. Kafin a shiga ɗaki a faɗi takamaiman dalili da bakin mutum, ba lambar sashen doka ba. A kunna rikoda daga shiga har fita. A sa ranar da sirrin zai ƙare tun a lokacin, in ranar tazo a saki abin da ya rage bayan an cire sunayen yara. Kuma a samu ofishin da uwar nan zata kai ƙara da wasiƙa ɗaya ba tare da ta biya ko dala ɗaya ba, kamar wanda Ilinoi ke dashi a ƙarƙashin antoni janar, wanda zai iya karɓar rikodin ɗin ya saurara ya gaya mata ko awa ukun nan da gaske kan ma'aikaci aka yi su.