Shekarar da Na Gaida Surukata Daga Cikin Silin

Duk ƙarshen Disamba nakan zauna in rubuto muku abin da ya gudana a gidanmu, wa ya yi haƙori, wa ya ci jarrabawa, kazar wa ta mutu. Na 2023 sai da na yi ta jan ƙafa, don na san ba wannan kuke jira ba. Maganar silin kuke jira. To za ku ji ta daga bakin mai ita, ba irin wadda ke yawo a majalisa ba, wadda kullum sai an ƙara mata gishiri, alhali ni an hana ni shi.

Bari in yi sauri da na farko. Janairu ta zo da canjin kuɗi. Da aka ce daga 31 ga wata tsofaffin 200 da 500 da 1,000 sun tashi aiki, Uwargida, wadda shekara goma sha uku ke nan ina jin "ko sisi ba ni da shi" daga bakinta, ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin leda daga cikin kwallar jerenta. Ba zan faɗi adadin ba, ina son in ci gaba da cin tuwo a gidan. Ni aka tura banki na yi kwana biyu a layi, sai ga shi an ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, daga baya ma Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Kuɗin dai sun shiga asusuna, har yau ana bi na, da wani ƙari a kai da ta ce ba kuɗin ruwa ba ne, ladan haƙuri ne.

Da azumi mage ta shigo. Ba mu muka kawo ta ba. Auta ya ba ta kan kifi sau ɗaya, shi ke nan ta zama 'yar gida. Na yarda ne don ɓeraye sun addabe mu a sito, amma ko ɗaya ban ga ta kama ba. Tana kwance a kan buhun shinkafa, su suna aikinsu ta ƙasa, kamar mai unguwa ya yi musu sulhu.

Ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na ajiye mota na koma babur, na ajiye babur na koma sayyada. Sai ciwon kai ya kama ni a ƙeya, ba ya tafiya. A asibiti aka ɗaura mini abin awo a damtse, ya nuna 160 bisa 100. Hawan jini. Likita ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce a rage gishiri, a rage magi, a rage jan nama da maiƙo. Kuskurena ɗaya, da Uwargida na je. Likita ya ce a rage, ita "a daina" ta ji. Ga Babbar Sallah saura wata guda.

Ran Laraba 28 ga Yuni aka yi sallah. Ragon nan ni na je har kasuwar Wudil ranar Juma'a na sayo shi, ni na yi ciniki har muryata ta dishe, ni na yanka. Aka soya, aka cika kwalla biyu, ƙamshi har bakin titi. Rabona da aka kawo mini a faranti: hanta yanka uku da romo marar gishiri. Yara suna wucewa ta gabana baki duk maiƙo. To ku faɗa mini, wane ɗan halak ne zai jure? Daren kashegari na tashi, na samu gwangwanin madara babba, na danƙare shi da soye, na taka kujera na tura shi ta 'yar ƙofar silin da ke lungun banɗaki, wadda masu gyaran wuta ke shiga. Kullum bayan Isha'i yanka biyu. Ban zarce ba, Allah shi ne shaida. Naman sallah kuwa in ya soyu da kyau sai ya yi watanni bai yi komai ba.

Ashe mage ta riga ni sanin hanyar silin, ta kan katanga take shiga ƙarƙashin kwano. Can ta haihu. Wani dare na miƙa hannu ban ji gwangwani ba, ta yi ta fama da shi har ya gangara can ciki. Ga 'ya'yanta suna kuka a saman falo dare da rana, Auta na taya su daga ƙasa. Uwargida ta ce, "Malam, a kira yaron kafinta ya sauko da su mana." Na ce a'a, ina da rai da lafiya ba za a biya wani ya hau silin ɗin gidana ba. Ta yi mini wani kallo da rabon da in gan shi tun muna amarci. Ba ta san in yaron kafinta ya hau, da gwangwani zai sauko ba.

Ranar wata Asabar cikin Yuli, bayan Azahar, na aro tsani a wajen Alhajin da muke katanga ɗaya, kun san shi, na tuɓe daga ni sai singileti da tsohon gajeren wandon ƙwallona, na kunna fitilar waya na kama ta da baki, na shiga. Wanda bai taɓa shiga tsakanin kwano da silin da rana ba, bai san zafi ba. Dokar wurin ɗaya ce, kowane kafinta zai gaya maka: katako ake takawa, ba a taka allon silin, don kwali ne kawai aka buga da ƙusa. Na san wannan. Ina so a rubuta cewa na san wannan. Na yi ta rarrafe kan tubaitu har saman falo, ga gwangwani, murfinsa a rufe, ga 'yan kyanwoyi huɗu a gefe. Na rungume abina.

Sai na ji sallama a ƙasa. Muryar Hajiya. Surukata, ita da ƙanwarta, sun taso tun daga Bichi don su duba ni, sun ji labarin hawan jini. Ina ji aka shimfiɗa musu darduma, daidai ƙarƙashina. Ina ji Hajiya ta tambayi mai gidan, Uwargida ta ce, "Yana nan, ya ɗan hau sama ne." Na yi lissafi: in ja da baya a hankali, in sauka ta lungu, in watsa ruwa, in zura kaftani da hula, in shigo kamar mutumin kirki. Na ɗaga ƙafar dama ke nan, uwar kyanwoyin, wadda ban san tana bayana ba, ta yi wani huci ta daka tsalle ta kan wuyana.

Ɓurum.

Ƙafar dama ta huda silin ta wuce har cinya. Ta hagu tana naɗe a kan katako, ni kuma na zauna daram a kan tubaitu, zaman da ba zan yi bayaninsa ba. Silifas ɗina ya faɗa cikin tiren zoɓo. Falo ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙura tana zuba. Ta 'yar kafar da ke gefen cinyata ina hango tsakiyar mayafin Hajiya.

Ku fahimci abin da nake faɗa. Shekara goma sha uku matar nan ba ta taɓa ganin kaina babu hula ba. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ko ruwa sai na juya baya. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba. Yau ga cinyata, da gashinta da komai, tana reto a saman kanta. Me mutum zai yi? Na cire waya daga baki na ce, "Hajiya, barka da zuwa. Kun zo lafiya?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta kalli bango. Ta ce, "Lafiya ƙalau. Ya ƙarfin jikin?"

Na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi."

Da a nan aka tsaya da da sauƙin. Amma gaisuwa in ta kama hanya ba ta tsayawa. Na tambayi Baba, na tambayi mutanen gida, na tambayi damina, ta ce ruwa ya yi gyara. Na gaida ƙanwarta ita ma daban, don kada ta ce an raina ta. Kuma abin da har yau in na tuna nake tashi zaune cikin dare: jikina ya saba, duk sanda na ce "ina wuni" sai gwiwa ta lanƙwashe. Wato ƙafar nan da ke reto ita kaɗai ta yi ta ƙoƙarin durƙusawa a cikin iska. Uwargida ta rantse sau uku ta yi.

Ana cikin haka yara suka kwashe da ihu a waje, an kawo wuta. Kwana biyu babu ita, sai a lokacin. Fankar falo kuwa a lamba biyar aka bar ta, tsakaninta da ƙaurina bai fi kamu ɗaya ba. Na ji iska, na ji ta fara juyi, na yi salati na saki abin da ke hannuna don in kama katako. Gwangwani ya bi ta gefen ramin, ya bugi hannun kujera, murfi ya yi nasa wuri. Aka yi ruwan nama a falo. Wani yanka ya gangara a hankali, kamar an aike shi, ya tsaya a gaban yatsun Hajiya. Ƙanwarta ta ɗauki ɗaya ta sansana, ta ce, "Wannan ai na sallah ne." Uwargida ta kashe fanka. Ba ta ce komai ba, "uhm" kawai ta yi. Na gwammace fankar.

Aka tura yaro ya hau ya taimake ni, sai ya dawo ya ce babu tsani. Alhaji ya aiko an ɗauka, wai zai gyara eriya.

Yanzu ku tsaya in yi maganar mutumin nan. Tun daminar 2021 ya ari barona zai kwashe yashi, na kwana ɗaya. Na bi, na aika, na yi zancen cikin raha, na yi cikin fushi. Yau baron yana ƙofar gidansa babu taya, matarsa ta shuka na'ana'a a ciki. Ni ban taɓa zuwa na ɗauke ba. Amma tsaninsa na minti arba'in, da mutum a sama, shi ne bai iya haƙuri ba. Kuma eriyar tasa ban ga an taɓa ta ba har yau, tana nan a karkace yadda iska ta bar ta. Wannan shi ne mutumin da ya ci rabin cinyar ragona da sallah, na aika masa da hannuna, ya aiko mana da ƙashin haƙarƙari.

Da aka je aka kira shi, sai da ya tsaya a zaure ya yi sallama sau uku, a tsanake, yana jiran izini. Ya shigo ya gaida Hajiya, doguwar gaisuwa, har da tambayar wani ɗan ajinsu da ke Bichi. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙafata ya ce, "Subhanallahi! Malam, ai da katakon ka taka." Na ce na gode. Ya ce a ganinsa a jawo ni ƙasa ya fi sauƙi, kafin in yi magana ya kama idon sawuna da hannu biyu ya fara ja. Ihun da na yi, an ce har mai shagon kwana ya ji. A ƙarshe wa ya hau ya ciro ni? Yaron kafinta. Na biya shi kuɗin ciro ni, kuɗin sauko da kyanwoyi, kuɗin sabon allo da ƙusa, sannan aka kai ni aka yi mini allurar tetanus saboda wata ƙusa mai tsatsa da ta karce ni.

Bai ishe shi ba. Bayan Magariba ya miƙe a masallaci ya ce jama'a a sa maƙwabcinsa a addu'a, ya faɗo daga sama. Ban faɗo ba. Duk matsalar ma ai rashin faɗowar ne.

Hajiya ba ta sake tayar da zancen ba. Bayan mako guda ta aiko da busasshen zoɓo da tafarnuwa, da saƙo ta bakin 'yarta: a riƙa ba bawan Allahn nan nama ko yanka biyu ne, kada ya kashe kansa. Yanzu ana ba ni. Yanka biyu cif, ana ajiyewa ana cewa "na Hajiya ne."

Sauran shekarar ba wani abu. A Oktoba ciwon ido na Afolo ya zagaye gidan, mu bakwai da baƙin tabarau kamar 'yan ganin sarki. Babban ya shiga sakandare. Auta ya fitar da haƙori, ya jefa kan rufi, ya yi sati yana rufe baki kada ƙadangare ya gani. Awon jinina ya sauko, in dai ba a falo aka auna ni ba, don sabon allon fari ne tas, sauran sun yi ruwan ƙasa, kowa ya shigo sai ya ɗaga kai. Gwangwanin yanzu allura da zare ake zubawa a ciki, an ajiye shi a kan talabijin inda zan riƙa ganinsa.

Kyanwoyin mun rabar da uku. Alhaji ya aiko yana son ta huɗun, na ce a gaya masa sai baro ya dawo. Da safe na gan ta kwance a cikin baron, kan na'ana'a. Da ƙafarta ta tafi.