Samari, Ku Mayar wa Dare Haƙƙinsa

'Yan'uwana matasa, wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da an ɗauke wuta sai ka ji unguwa ta ɗauki tsaki, kowa yana lalubar waya kamar ransa ne a ciki. To waɗanda suka haife mu fa, yaya suka yi? Sai a 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, aka kafa NEPA a 1972, kuma har gobe akwai ƙauyukan da ba a kafa musu turken lantarki ko ɗaya ba.

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda magariba ta riske ta da sauran aiki. Tun la'asar sakaliya an kwashe tuwo, kaji sun shiga akurki, awaki suna turke, randa a cike. Sannan ta jawo fitilar ƙwai, ta zare ƙwan a hankali, ta goge baƙin hayaƙin jiya da tsumma, ta datse bakin lagwani, ta girgiza fitilar kusa da kunnenta don ta ji ko kananzir zai kai. Mai ƙaramin ƙarfi aci-balbal yake kunnawa. Kafin zuwan kananzir kuwa, man gyaɗa ko man kaɗe ne a ɗan kasko da zaren auduga. In murhu ya mutu, a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi.

Haske da tsada yake, shi ya sa ba a kashe shi a banza. Almajirai su yini tara kara, da dare su hura wuta su kewaye ta da alluna, hayaƙi yana sa su hawaye, amma a haka aka samu mahaddatan da muke alfahari da su. Ranar farin wata 'yanmata su fita dandali gaɗa, mu ƙanana mu zagaye tsohuwa. "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa da "Ta zo mu ji ta," hannunta bai bar mazari ba. Akwai wahala, ban musa ba: kunama ta sha harbin wanda ya fita ba takalmi, ga tsoron kura a bayan gari. Sai dai da an yi lisha an taɓa hira, gari ya yi tsit. Kafin ladan ya kira assalatu mutane sun farka da ƙarfinsu.

Mu kuma da Allah ya hore wa sola da janareta, me muka yi da hasken? Saurayi ya kwanta da waya a fuska har ƙarfe biyu, asuba ta wuce shi, ya shiga aji ko shago yana hamma. Mahaifiyarsa tana tsakar gida ita kaɗai, ba wanda ya tambaye ta yadda ta yini. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai. Ga shi ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan sallar isha'i, kuma ya yi umarni a kashe fitila a rufe ƙofa idan za a kwanta.

Don Allah, daren yau in kun idar da magariba, ku bar wayar a ɗaki. Ku shimfiɗa tabarma kusa da dattijon gidanku, ku ce Baba ya nuna muku taurarin nan, Zara da Kaza da 'Ya'yanta, ya faɗa muku da wane tauraro suke gane asuba ta kusa.