Kujeru ka yi wa wa'azi, Baba

Wai don Allah sai yaushe dattawan nan za su daina ɗora wa yara laifi ne? Ranar Asabar na je taron ƙungiyar 'yan Goa, wata jiha ta Indiya, mazauna Ingila. An jera kujeru fal ɗakin taro nan Swindon, mu goma sha ɗaya muka zauna, ni ɗin ma ba ɗan Goa ba ne, maƙwabcina ne ya roƙe ni in kai shi a mota saboda ciwon gwiwa. Shugaban ƙungiyar ya miƙe ya kwashe minti arba'in yana ta faɗa, wai yaran yanzu sun manta asali, ba sa jin Konkani, yaren Goa, ba su san kowa ba sai waya. Madalla da wannan hikima. To yaran ai ba sa ɗakin, kujeru ka yi wa wa'azi.

Ni dai magana ɗaya nake da ita, kewar gida ba ta riƙe ƙungiya. Amfani ne yake riƙe ta.

A hanyar dawowa na ce wa dattijon maƙwabcin nawa, Baba, a zamaninku ma haka ake roƙon mutane su zo? Ya yi dariya ya ba ni labarin kud, wato masaukin 'yan ƙauye ɗaya a birni. A Bombay kusan kowane ƙauyen Goa yana da nasa masauki, da yawansu a ginin Jer Mahal da ke Dhobi Talao. Saurayi zai sauka daga ƙauye da akwatinsa ɗaya bai san kowa ba, a ba shi wajen shimfiɗa, akwatin nan shi ne durowarsa wani lokacin ma shi ne gadonsa, manya su nemo masa aikin kuku ko hidima a jirgin ruwa, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba duk wata, da daddare a taru a yi addu'ar rosari, in mutum ya rasu akwai asusun da za a taimaki iyalinsa. Wa zai roƙe ka zuwa wajen da kwananka da aikinka da jana'izarka suke? Da gudu za ka je.

Haka Gabashin Afirka, inda suka yi ta aikin akawu a layin dogo da ofisoshin Turawa, kulob da makarantu suka gina a Nairobi da Kampala don suna buƙata. Da Idi Amin ya ba 'yan Asiya kwana 90 su bar Uganda a 1972, mutane suka watse Toronto da Landan, kowa ɗan garinsu ya nema ya riƙe masa hannu. Buƙata ce, ba jawabi ba.

Kuma kar wani ya ce min buƙatar ta ƙare. Fotugal ta mulki Goa daga 1510 har 1961, shi ya sa waɗanda aka haifa kafin ta tafi da 'ya'yansu da jikokinsu suke samun fasfo ɗinta, da shi suka cika garin nan suna aikin dare a masana'antu. An yi Brexit, wato ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, takardun zama sun rikita mutane. Honda ta rufe masana'antarta ta garin nan a 2021. Ga hayar gida, ga tsadar kai gawa gida. Nawa daga cikin waɗannan aka ambata ranar Asabar? Ko ɗaya. Rikicin da aka yi shi ne da harafin Boko za a buga takardar gayyata ko da Devanagari, rubutun Indiya, da kuma wa zai zauna a babban tebur.

Na san za a zo ƙasan nan a ce ai mutane ba su da lokaci. Ku bari. Ranar 3 ga Disamba, bikin waliyyi Francis Xavier, ko wajen ajiye mota ba ka samu, lokacin daga ina ya fito? Wani zai ce waya ce ta ɓata su. Da wayar suke neman ɗaki da aiki a tsakaninsu, ƙungiyar ce kawai ba ta cikin lissafin.

Wallahi ba raini nake yi ba. Na ga dattijon nan yana naɗe takardar da ya rubuto shawarwari bai samu damar karantawa ba, ya mayar aljihu, bai ce uffan ba har muka kai mota, abin ya taɓa ni ƙwarai.

Af, matarsa ta aiko min da bebinka, wainar nan mai hawa-hawa ta madarar kwakwa da ƙwai. Ta ce kowane hawa sai ya gasu ake zuba na gaba. Akwai wanda ya san ko za ta yiwu a murhun gawayi? Hajiyarmu nake so in kwatanta wa.