Gyambon dolfin da awakin Zariya

Ina zaune a jihar Bajiniya ta Amurka lokacin da annoba ta auka wa dolfin a 2013. Dabbar teku ce mai kama da kifi, amma iska take shaƙa kuma tana shayar da 'ya'yanta. Kafin abin ya lafa a 2015, teku ya tofo fiye da 1,500 daga Niyok zuwa Fulorida. Ma'aikata suka riƙa ɗauke gawarwakin, a feɗe, a ɗebi nama a duba a madubin likita.

Ba karon farko ba ne. A 1987 zuwa 1988 fiye da 700 sun mutu a wannan gaɓar teku. Da aka duba gyambon da ke fatar wasunsu, sai aka tarar da furotozowa, ƙananan halittu masu tantani ɗaya da gashi-gashi a jiki, sun kutsa har cikin nama. Amma ba su suka fara ɓarnar ba. Ƙwayar mobilibairos ce ta karya garkuwar jiki, su kuma suka samu bango ya tsage suka shiga. Da fata kawai aka kalla, da an ɗora laifin inda ba nan ba ne.

Abin da ya fi taɓa ni, wannan ƙwaya 'yar gida ɗaya ce da ƙyanda da bushiya. Dattawanmu ba su manta yadda bushiya ta share garken Fulani a 1983 ba, kuma rigakafi ne ya kawar da ita daga duniya, aka sanar a 2011. 'Yar'uwarta PPR tana nan tana cin awaki da tumakinmu: majina, zawo, gyambo a baki, sai mutuwa.

To, mu a Zariya me muke yi? Akuyar Inna ta kwanta, a shafa mata man ja a baki, a ɗura mata kafso daga kemis. In ta ƙi tashi a sa wuƙa tun kafin ta zama mushe, in ta riga mu a ja ta bola. Ba wanda ya tambayi abin da ya kashe ta, sai ta maƙwabta ta bi sahu. Alhali ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, kuma a Vom ta jihar Filato ake haɗa allurar rigakafin PPR. Wallahi abin yana ci mini rai, domin dolfin ba ya biya wa kowa kuɗin makaranta, akuya kuwa ita ce asusun matan karkara.

Na san Amurka na da kuɗin da ba mu da shi. Amma allurar ba ta kai kuɗin akuya ɗaya ba. Jiya na kira ƙanena a Tudun Wada, na ce ya nemi malamin dabbobi a yi wa na Inna duka kafin damina, kuma in wata ta mutu, ya ɗora ta a babur ya kai Samaru a duba.