Abincin mako guda da tambayar da ke jiranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan uwa, a shekarar 2005 wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Menzel, shi da matarsa Faith D'Aluisio, suka fitar da wani aiki da suka yi a gidaje 30 cikin ƙasashe 24. Duk gidan da suka shiga, sai su nemi a jera musu abincin da iyalin ke ci na mako guda, mutanen gidan su tsaya kusa da shi a ɗauki hoto. A wani gida na Jamus mai mutum huɗu, teburi ya cika ya batse da nama, burodi, kwalabe da kwalaye, kuɗinsu ya kai kimanin dala 500. A sansanin 'yan gudun hijira na Breidjing da ke gabashin Chadi kuwa, wata uwa daga Darfur da 'ya'yanta biyar suna zaune gaban ɗan abin da suka mallaka, wanda mafi yawansa kayan agaji ne. Abin da suka saya da kuɗinsu a makon bai kai dala ɗaya da rabi ba.

Allah ne Mai buɗawa, Shi ne Mai ƙuntatawa, kuma Ya faɗa mana a Suratun Nahli cewa Ya fifita wasunmu a kan wasu a arziki. Wanda aka buɗa wa bai yi laifi don ya ci mai daɗi ba, wanda aka ƙuntata wa kuma ba a wulaƙanta shi ba. Dukkansu ana jarraba su ne. Sai dai akwai abin da hoto ba ya nunawa, wato nawa ne daga cikin abincin nan ya shiga ciki, nawa kuma ya ƙare a bola.

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wannan lissafin. A rahotonta na 2024 ta ce a shekarar 2022 kaɗai an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kusan kashi 19 cikin ɗari na abin da ya isa hannun masu saye. A daidai lokacin kuma mutum miliyan 783 suna fama da yunwa. Kashi 60 cikin ɗari na abin da aka zubar daga gidaje ya fito. Gidajen cin abinci da kantuna su suka raba sauran. Idan aka raba, kowane mutum a duniya yana zubar da kimanin kilo 79 a shekara a gida.

Da mutum ya ji haka, zuciyarsa sai ta ruga wajen masu arziki, ya ce ai su ne. Shekaru da yawa haka aka ɗauka. Amma rahoton ya nuna cewa idan aka kwatanta ƙasashe masu ƙarfin arziki da masu matsakaicin ƙarfi, tazarar abin da mutum guda ke zubarwa a gida kilo 7 ce kacal a shekara. Har ma ya nuna ƙasashe masu zafi sun fi zubarwa, saboda ɗanyen kaya ba ya jure zafi, ga ƙarancin wurin sanyaya abinci. To ashe laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wani.

Gaskiya ne hanyar ɓarnar ta bambanta. A wani wuri mutum zai cika firji da sayayyar da ta fi ƙarfin cikinsa, ya manta da abin da ke can ƙurya har ya ruɓe, ko ya ga kwanan watan da aka buga a jikin kwali ya wuce da yini ɗaya ya jefar, alhali abin lafiyarsa ƙalau. A wani wurin kuma tun kafin abinci ya kai kasuwa ƙwari, danshi da lalacewar hanya sun cinye rabonsu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kimanin kashi 13 cikin ɗari yana salwanta a haka. Wannan ma addini bai bar shi ba. Da Annabi Yusuf (AS) ya fassara mafarkin sarkin Masar, shawarar da ya bayar ta adana ce: abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za ku ci. Annabin Allah ne yake koyar da yadda ake ajiye hatsi na shekara bakwai. Wanda ya bar abinci ya lalace da sakaci, ya ce haka Allah Ya ƙaddara, ya koma ya karanta aya ta 47 ta Suratu Yusuf.

Wasu ƙasashe sun kai maganar gaban doka. Faransa a 2016 ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai sayu ba matuƙar yana ciyuwa, ta wajabta musu bayar da shi ga ƙungiyoyin agaji. A Koriya ta Kudu mutum biya yake yi gwargwadon abincin da ya zubar. Sin ma ta kafa tata dokar a 2021. Su tara suke tsoro, kuma tsoron tara ya gyara musu hali. Mu da muka yi imani da mala'iku masu rubutu, me ya rage mana na uzuri?

Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul A'arafi, aya ta 31: "Ku ci, ku sha, kuma kada ku yi ɓarna, lalle Shi ba Ya son masu ɓarna." Ku lura, 'yan uwa, Ya fara da halatta ci da sha, sannan Ya ja iyaka. Kuma iyakar ba ta ambaci mai kuɗi ko talaka ba. Mai abu kaɗan ma yana iya yin israfi a cikin kaɗan ɗinsa.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ce idan lomar ɗayanku ta faɗi, ya ɗauke ta, ya share ƙazantar da ta taɓa ta, ya ci, kada ya bar wa Shaiɗan. Ya kuma yi umarni da a suɗe yatsu da kwano, ya ce ba ku san a wane ɓangaren abincinku albarka take ba. A nan nake so mu tsaya. Loma ɗaya fa ake magana. Idan albarkar abincin yau tana cikin ɗan ragowar da yaro ya ture, aka kankare aka zuba a shara, to gidan ya ci ya ƙoshi amma ya yi asarar abin da ya fi ƙoshin. Daga nan sai a ji magidanci yana cewa yana samu amma bai san inda samun ke tafiya ba. Ban ce wannan ne kaɗai dalili ba, amma ya cancanci a duba.

Wanda ya koyar da wannan kuwa ya san yunwa. Nana A'isha (RA) ta ce sukan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah (SAW) ba, dabino da ruwa kawai. Wata rana yunwa ta fito da shi daga gida, ya tarar da Abubakar da Umar su ma ita ta fito da su. Wani Ba'ansare ya karɓe su, ya kawo dabino, ya yanka musu dabba. Da suka ci suka ƙoshi, sai Annabi (SAW) ya rantse cewa za a tambaye su game da wannan ni'ima ranar Alƙiyama. Mutane uku mafi daraja a al'ummar nan, cin abinci sau ɗaya bayan yunwa, aka ce akwai tambaya. Ina ga mu, da abin da ke shiga shararmu bayan walima da bayan buɗa-baki a watan da aka ce mu koyi jin yunwa?

Gyaran ba shi da wahala. Kafin ka fita sayayya, leƙa ka ga abin da ke gida. Uwargida ta auna girki da yawan bakunan da za su ci, a daina girkin nuna isa. A zuba wa yaro kaɗan, in ya cinye a ƙara masa, hakan ya fi a cika masa kwano ya bari. Abin da ya fara daɗewa shi za a fara ci. Ragowa kuma a rufe ta da kyau a ɗumama gobe, ba abin kunya ba ne. In ta fi ƙarfin gidan, a fitar da ita tun tana da kyanta, tun mai ita zai iya ci, domin Allah Ya hana mu zaɓo lalataccen abu mu ce shi za mu bayar. Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri (RA) idan ya yi miya ya ƙara mata ruwa ya tuna da maƙwabtansa, ya kuma ce abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu. Wanda ya riga ya wuce cin ɗan Adam, dabba da tsuntsu suna so, kuma a kansu ma akwai lada.

Allah Ya sa albarka a abin da Ya ba mu, Ya ciyar da waɗanda ke kwana da yunwa, Ya sauƙaƙa mana amsa ranar da za a tambaye mu ni'imarSa. Amin.